Madatsar ruwan Habasha: Ina lakar kogin Nilu za ta kwanta?

Tun kafin Habasha ta ƙaddamar da babbar madatsar ruwanta a watan Satumban 2025, taƙaddamarta da Masar da Sudan ta fi karkata kan rabon ruwa. Sai dai da damina kogin yana kwaso laka mai yawa daga tsaunukan Habasha, kuma yanzu akasarinta a tafkin madatsar za ta kwanta.

Injiniyoyi kan ɗebi ruwan kogi su auna lakar da ke ciki, su kwatanta da yawan ruwan da ke wucewa, domin hasashen shekarun da tafki zai yi kafin ya cushe. Lissafin kan zo da kuskure, saboda yashin da ke birgima a ƙasan kogi yana da wuyar aunawa.

A Sudan, madatsar Roseires ta 1966 da magudanan gonakin Gezira, waɗanda laka ta daɗe tana toshewa, za su samu sauƙi. Amma manoman bakin kogi da masu yin jan bulo za su rasa lakar da ambaliya ke kawo musu.

Masar ta riga ta ɗanɗana hakan: bayan kammala madatsar Aswan a 1970, manomanta sun ƙara dogaro da takin zamani, teku kuma na cin gaɓar ƙasar inda kogin ke faɗawa.