Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Makon jiya na yi kwana uku a Ibadan, ko kuwa Badun kamar yadda mutanenmu su ke faɗi. Na sauka a Sabo, washegari da hantsi kuma na shiga mota zuwa Kasuwar Shasha, can wajen Ojoo a kan hanyar Oyo, cikin ƙaramar hukumar Akinyele. Ga wanda bai san wurin ba, nan ne manyan motocin Arewa su ke juye tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, daga nan kayan su bazu cikin tukwanen ƙasar Yarabawa. Abin da ya kai ni shi ne gaida wani aminina, dillalin albasa, wanda rabona da shi tun bayan rikicin watan Fabrairu na 2021, sa'ad da aka ƙone wani sashe na kasuwar na je yi masa jaje. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu dai kira shi Alhaji.

Sau biyu ina wuce rumfarsa ina waige-waige, sai na ji an ce, "Malam, wa ka ke nema?" Muryar na gane, mai muryar kuwa sai da na ƙura masa ido. Mutumin da na sani in ya zauna a benci ba mai sa ran samun gefe, ga shi yau babbar riga tana reto a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Gabana ya faɗi, na shiga lissafin cututtukan da ke ramar da mutum haka. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Kai ma ka shiga sahunsu ke nan? Zauna, lafiyata lau. Tumbina aka rage, yau wata bakwai."

Kafin in ci gaba, bari in yi wa mai karatu bayanin wannan aiki, don na san da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Tiyatar rage ƙiba ba yanke kitse ba ce, tumbi a ke taɓawa. Tun a 1966 wani likitan fiɗa a jihar Iowa ta Amurka, Edward Mason, ya fara yi wa masu matsananciyar ƙiba aikin da a ke ware ɗan ƙaramin aljihu daga tumbi a haɗa shi kai tsaye da hanji. Irin wanda aka yi wa Alhaji ya zo daga baya, kuma shi aka fi yi a duniya a yau: a huda ciki wuri huɗu ko biyar, a zura na'ura, a yanke kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar ɗan siriri mai siffar ayaba. Ɓangaren da a ke cirewa shi ne ya fi samar da wani sinadari mai tayar da yunwa, wanda likitoci su ke kira girelin, saboda haka ban da ƙarancin wurin zuba abinci, sha'awar abincin ma raguwa ta ke yi. Ba don ado a ke yin wannan aiki ba. Alhaji yana fama da ciwon sukari da hawan jini, gwiwoyinsa sun ƙi ɗaukarsa, da dare kuma numfashinsa kan ɗauke cikin minshari. A kan yi aikin a wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja, wasu kuma su kan tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya. Alhaji waje ya tafi, ya ce wa 'yan kasuwa zai je ganin likita ne kawai.

Aikin kansa, in ji shi, bai kai awa biyu ba. Abin da ya biyo baya ne labari.

Mako biyu na farko ba abin da ya wuce maƙogwaronsa sai ruwa, da romon kaza tatacce marar yaji, da madara marar sukari, su ma da cokali. Daga nan aka koma abin da aka markaɗa ya yi laushi kamar kunun jariri: kindirmo, dafaffen kifi da aka murje, wake da aka cire wa ɓawo aka dama. Sai wajen mako na shida zuwa na takwas ya soma taɓa abin taunawa, shi ma loma uku ko huɗu ya ƙoshi. An ɗora masa dokoki waɗanda duk Bahaushe zai ji su bambaraƙwai. Kada ya sha ruwa yana cin abinci, sai ya bar rabin awa tsakani. Ya tauna kowace loma har ta zama kamar kunu. Ya fara da kifi ko ƙwai ko nama, tuwo ya zo a ƙarshe in da sauran wuri, alhali mu tun muna yara tuwo ne abinci, nama kuwa ɗan rakiya. Ana so a kullum ya sami aƙalla giram 60 na abinci mai gina jiki, watau kwatankwacin abin da ke cikin ƙwai goma, a tumbin da ƙwai ɗaya ke cikawa. Ruwa kuma lita ɗaya da rabi, leda uku ke nan ta ruwan da a ke sayarwa a kasuwa, amma da kurɓa-kurɓa daga safe zuwa dare. Mutumin da ya saba ya kafa kai ya shanye leda guda a tsakiyar rana, yanzu in ya yi haka sai ta dawo.

Na tambaye shi, cikin waɗannan wanne ya fi ba shi wuya. Ya ce, "Malam, ba ko ɗaya. Mutane ne."

To, nan ne zancen ya ke. Tun da aka kafa Sabo a 1916, kasuwancin Bahaushe a Ibadan a kan maigida ya ke tafiya. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan haka, aka buga a 1969. Ya nuna yadda falke zai zo daga Arewa da shanu ya sauka gidan maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya sayar masa da kaya bashi, ya kuma tsaya masa har kuɗi su fito. Shanu da goro ya duba, amma duk wanda ya zauna a Shasha ya san haka abin ya ke ga albasar Aliero da tumatirin Kadawa da Danja. Manomi ko ɗan kasuwa zai loda mota guda ya turo wa mutumin da ke nesa da shi da tafiyar kwana biyu, ba takarda ba shaida, sai amana. Ita kuwa amana, a idon mutanenmu, tana da jiki. Muna son mu ga maigida ya cika kujera, ya zauna gaban tire tare da baƙinsa, ya sa hannu ya ce bismilla.

Yaya za a yi da maigidan da ya yi loma uku ya tsame hannu? Baƙo ba ya ci gaba da ci bayan mai masauki ya wanke hannu, sai kowa ya tashi da yunwa. Alhaji ya ce ranar farko da ya koma zaman tire, kunya ta sa ya biye wa baƙi, ya ƙara loma biyu na amala ya kora da lemon kwalba. Bai kai ƙofar rumfa ba ya amayar da komai, gumi ya jiƙe shi, zuciyarsa na bugawa, juwa na ɗibarsa. Wannan abu sananne ne ga likitoci: in abu mai zaƙi ya faɗa hanji da sauri, jiki kan rikice haka, ya fi yawa ga waɗanda aka haɗa wa tumbi da hanji, amma ya kan sami irin su Alhaji ma. 'Yan dako sun gani. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa.

Daga nan aka shiga fassara. Wasu suka ce ciwon daji ne, wasu suka ce ƙanjamau, wasu suka ce jifa ne daga abokan hamayya. A wata na huɗu gashin kansa ya soma zuba, abin da ya kan faru tsakanin wata na uku da na shida saboda saurin rama, daga baya ya tsiro, amma wa zai gaya wa kasuwa haka? A gida ma ba a tsira ba. Matansa biyu, kowacce ranar girkinta ta ga kwanonta ya dawo kamar ba a taɓa ba, sai ta zargi 'yar'uwarta. Abin da ya tayar masa da hankali kuwa shi ne ranar da ya ji cewa wani wanda ya shekara goma sha yana turo masa albasa ya juya motarsa zuwa rumfar wani dillali. Mutumin bai yi laifi ba. An ce masa Alhaji na bakin kabari, wa zai aika dukiyarsa inda za ta shiga rabon gado?

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, watau mutum ya iya riƙe sirrinsa. Gaskiya ne, amma a ganina Alhaji ya yi amfani da karin maganar a inda ba ta dace ba. Na tambaye shi dalilin ɓoyewa, ya ce yana gudun a ce ya kasa riƙe bakinsa sai da aka yanke masa ciki, ko a ce ya raina halittar Allah. Ni kuwa na ce masa wanda aka cire wa ƙaba ko aka yi wa aikin ido ba ya ɓoyewa, don me wannan zai zama abin kunya? Ƙiba mai tsanani ciwo ce, ba ƙoshi ba ce, ko da ya ke mun daɗe muna yi mata kirari da sunan hutu. Ashe ma Hajiya uwargida ta riga ni. Ita ce a wata na biyar ta ce masa, "Alhaji, in ba ka faɗa ba ni zan faɗa." Ya tara abokan cinikinsa bayan sallar Juma'a, ya ɗaga riga ya nuna musu tabon hujin. Ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne, kafin mako ya zagayo mutum uku sun zo a asirce suna tambayar nawa a ke kashewa.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka talla na ke yi. Akwai abin da ya dame ni a labarin Alhaji, shi ne abin da ya biyo bayan sallama. Kwana goma aka yi aka sa shi a jirgi da takarda cikin Turanci, an jera masa abincin da ko sunansu bai taɓa ji ba. Ba wanda ya gaya masa matsayin fura, ko ƙosai, ko kilishi, ko goro. Da kansa ya gano cewa alala da ƙwai suna zama lafiya, busasshen nama da sakwara kuwa su kan tsaya a ƙirji, yaji kuma yana tayar masa da ƙwannafi, wanda da ma ya kan addabi masu irin aikinsa. Mafi muni, da ƙwayoyin bitamin da aka ba shi suka ƙare a wata na uku, sai ya ɗauka magani ya ƙare ke nan. Alhali wanda aka rage wa tumbi zai sha su ne har iyakar ransa, musamman bitamin B12, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da kalsiyam da bitamin D. Rashinsu ba ya ihu. A hankali ya ke zuwa, da kasala, da ƙarancin jini, da jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura, in aka yi sakaci kuma jijiyoyi su lalace. Wanda amai ya ƙi tsaya masa kuwa, kada ya jira, don ƙarancin bitamin B1 na iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin 'yan makonni.

Sa'an nan ga masu tallar magani da ke zaga rumfuna da tire a ka. Ɗan kasuwa in jikinsa ya yi tsami sai ya miƙa hannu a ba shi haɗin ciwon jiki, wanda sau da yawa akwai ibufurofen ko dikulofenak a ciki. Waɗannan suna iya haddasa gyambo a tumbin da aka ɗinka. Haka kuma jiƙe-jiƙen da 'yan'uwa su ke kawowa da kyakkyawar niyya, a ce a shanye kofi guda. Ga mata kuma akwai ƙarin gargaɗi, likitoci su kan ce a dakata da ɗaukar ciki shekara guda zuwa shekara da rabi, magana mai nauyi a gidan da a ke ƙirga wa amarya watanni.

Azumi ya same shi yana wata na biyu da aiki. Ya so ya ɗauka, don a cewarsa da wane ido zai dubi yaransa yana kurɓar ruwa da rana? Likitoci da yawa suna ba da shawarar a jinkirta azumi wata shida zuwa shekara bayan irin wannan aiki, domin mai ƙaramin tumbi ba zai iya ɗura ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba ba, ga zafin kasuwa. Ya tambayi malaminsa a Sabo, malam ya ce masa hukuncinsa hukuncin majinyaci ne, ya sha ya rama in ya sami ƙarfi. Yanzu yana jiran izinin likita ya fara ramuwa.

Ya zubar da kilo 30 da 'yan kai. Likitan da ya ke gani yanzu a nan Ibadan, wanda da shi ya kamata a fara tun kafin a hau jirgi, ya rage masa maganin sukari, ya kuma gaya masa cewa ramar za ta tsaya bayan shekara guda ko shekara da rabi, daga nan tumbi kan ɗan saki, wanda ya koma wa shayi mai sukari da lemon kwalba kuma ƙibar na iya dawo masa, don abin sha ba ya cika tumbi, wucewa ya ke yi. Yana taka ƙafa daga rumfa zuwa masallaci ba tare da ya tsaya hutawa ba. Mai albasar nan ma ya dawo da motarsa.

Azahar ta yi muna zaune, yaro ya kawo tire na shinkafa da miya ya ajiye a gaban baƙi, ya kawo wani ɗan kwano kamar na yaye ya ajiye a gaban Alhaji, da yankan kifi ɗaya da alala rabi. Ba wanda ya ce masa ƙara. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce ya riƙa jan lomarsa yana hira, ba ya wanke hannu sai baƙon ƙarshe ya wanke. Da zan tafi ya riƙe ni ya ce in na koma Kano in aiko masa da telan da ya iya rage babbar riga ba tare da ya ɓata aikin wuya ba, yana da guda goma sha ɗaya a akwati.