Daga Ajin Malam: Walabi, Uwa Mai Goyo Uku

A watan jiya wani yaro ya nuna mana hoto cikin littafin kimiyya, ya ce, "Malam, wannan ɗan kangaru ne?" Muka ce masa a'a, sunansa walabi. Danginsu ɗaya, amma walabi ko ya tsufa ba ya kai kangaru girma. Wani irin bai wuce zomo ba, wani kuwa ya kai ƙaramar akuya.

Asalinsa ƙasar Ostareliya da tsibirin Niyu Gini. Yana zama cikin kurmi, ko daji mai sarƙaƙiya, ko kan duwatsu. Ciyawa da ganye yake ci, yawanci da almuru ko da dare. Da ƙafafun baya yake tsalle, jela kuwa ita ke daidaita shi.

Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne haihuwarsa. Irin da ake kira tamar, cikinta bai cika wata guda ba. Jaririn da za ta haifa bai kai rabin giram ba, kamar ƙwayar wake, ba gashi, ido a rufe. To, wannan ɗan mitsitsin shi da kansa zai rarrafa da ƙafafun gaba har ya shiga jakar da ke cikin uwarsa, ya cafke kan nono. A nan zai yi wata takwas ko tara.

Ga wani abin mamakin. Ba ta daɗewa da haihuwa sai ta sake ɗaukar ciki, amma ɗan tayin sai ya tsaya cik, ba ya girma muddin na jaka yana tsotso. A tamar wannan jira kan kai wata 11. Idan fari ya tsananta na jaka ya mutu, sai na ciki ya ci gaba da girma. Shi ya sa a wasu iri za ka tarar da uwa ɗaya da 'ya'ya uku: babba yana binta a ƙasa, ƙarami a jaka, na uku yana jira. Kuma nono iri biyu take fitarwa lokaci guda, mai maiƙo na babba, mai ruwa-ruwa na jariri. Da muka faɗi haka a aji, yara cewa suka yi tatsuniya ce!

Sai dai wannan tanadi na fari ne, ba ya maganin maharbi da mafarauci. Turawa sun kai kyanwa da yanyawar Turai Ostareliya, suka kuma sare daji don kiwon tumaki. Ƙananan walabi su suka fi shan wuya. Irin da ake kira tulac ya ƙare ƙaf, ta ƙarshe da aka sani ta mutu a hannun mutane a 1939.

Wani irin, mai suna parma, har an fid da rai da shi. A 1965 ana cikin kashe walabi a tsibirin Kawau na Niyu Zilan, don sun addabi shuke-shuke, sai aka lura akwai parma a cikinsu. Ashe Gwamna George Grey ne ya kai kakanninsu can wajen 1870. Aka dakatar da kisan, aka kama wasu aka rarraba gidajen namun daji. A 1967 kuma sai ga 'yan uwansu a dajin Gosford, arewa da birnin Sidni, inda suke tun da can ba wanda ya lura.