Daga Bakin Allo: Yawon Sallah a Lagdo

A wannan wata za mu ɗan fita daga aji mu leƙa bakin ruwa.

Duk wanda ya bi hanyar Ngaundere daga Garwa ya ratse hagu zuwa Lagdo ya san abin da muke nufi. 'Yan ƙasar Sin ne suka datse kogin Binuwai a wurin, daga 1977 zuwa 1982, domin a samu wutar lantarki da ruwan noman rani. Amma abin da ke jan yaranmu can shi ne tafkin da ya taru a bayan madatsar: ruwa iya ganinka, duwatsu, kwale-kwale, ga karfasa da giwan ruwa ana soyawa da zafinsu. Mu kanmu mun kai ɗalibai, kuma wallahi abin da suka fahimta game da lantarki a yini guda ya fi na wata biyu a kan allo.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce washegarin sallah. Yara su haɗa kuɗin barka da sallah, su cika mota, ba babba ko ɗaya a cikinsu. Da isarsu sai tuɓe riga. A cika kwale-kwale maƙil alhali rabinsu ba su iya iyo ba, ga dorina a ruwan, ita kuwa ba ta san ɗan makaranta ba.

Wannan kowa yana ganinsa da ido. Wanda ba a gani shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa da ke gefen ruwa inda ba ya gudu, wato daidai inda uwa za ta ce nan ba zurfi, ba komai. Ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Bayan 'yan watanni yaro ya fara fitsarin jini, ya rame, ya riƙa gyangyaɗi a aji, mu kuma mu ɗauka lalaci ne har mu ɗaga bulala. Abin takaici, har yau akwai masu cewa jinin alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne, yana lalata mafitsara in ya daɗe, kuma maganinsa, Praziquantel, ƙwayoyi ne da ake sha a rana ɗaya.

Ba mu ce a hana yara zuwa ba. In an hana ma za su sulale. Roƙonmu ga iyaye da masu unguwa shi ne kowace mota ta tashi da dattijo guda, a tafi da ruwan sha da na alwala daga gida, a ƙirga kawuna kafin a shiga kwale-kwale. Wanda kuma ɗansa ya yi wanka a can bara, ya tambaye shi kalar fitsarinsa a daren nan, don yaro ba zai faɗa da kansa ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.