Ra'ayinmu: Marigayi Farfesa Abiola Irele Ya Cancanci Karramawa

Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tuna wa masu karatunmu, musamman 'yan kasuwarmu na bakin iyaka, da marigayi Farfesa Abiola Irele, malamin jami'a ɗan Nijeriya wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen koyar da Faransanci da adabinsa.

An haifi Irele a 1936. Ya kammala digirinsa na farko a Ibadan a 1960, sannan ya wuce birnin Paris inda ya samu digirin digirgir a Jami'ar Sorbonne a 1966. Ya koyar a Jami'ar Ghana da ke Legon, da Jami'ar Ife, da ta Ibadan inda ya zama Farfesan Faransanci, kafin ya tafi Amurka ya koyar a Jami'ar Jihar Ohio da Harvard. Daga baya ya dawo gida ya yi aiki a Jami'ar Jihar Kwara. Ya rasu a 2017. Babban aikinsa shi ne fito da rubuce-rubucen baƙaƙen fata masu Faransanci, irin su Léopold Senghor na Senegal da Aimé Césaire na Martinique, ga waɗanda Turanci kawai suke ji. Wato ya nuna wa 'yan Nijeriya cewa Faransanci harshe ne da maƙwabtansu na Afirka suke rubuta tunaninsu da shi.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan kasuwar Jibiya ko Illela da malamin adabi? Amsar tana bakin iyaka. Ƙasashe huɗu ne suka kewaye Nijeriya ta ƙasa: Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma dukkansu ana aikin ofis da Faransanci. Gaskiya ne da Hausa ake ciniki a Maraɗi da Birnin Ƙonni da Gaya, to amma idan aka zo ga takardar duwan, da rasidin tara, da takardun mota, sai a ga alhajin da ya ɗauko kaya na miliyoyin sefa ya koma hannun ɗan kamasho, yana sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Nan ne ake tafka asara, nan ne kuma rigima da jandarmomi take farawa.

Ko da hukumomin Nijar suka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, abin da muka yi farin ciki da shi, sun bar Faransanci cikin harsunan aiki. Don haka buƙatar saninsa tana nan daram, kuma koyonsa ba ya nufin goyon bayan siyasar Faransa.

Abin takaici shi ne yadda Nijeriya ta yi sakaci. An kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry a 1991, kuma a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta bayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, amma maganar ba ta wuce fatar baki ba. Badagry tana can kusa da Legas, ɗan Maigatari ko Kamba bai san da ita ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohin da ke bakin iyaka, da jami'o'in Sakkwato da Katsina da Maiduguri da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, da su karrama wannan malami da aiki: a buɗe azuzuwan yamma a garuruwan kasuwa, inda za a koya wa 'yan kasuwa da direbobi karanta takardun da suke mu'amala da su kullum. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuwa kada su jira gwamnati. Kuɗin da mutum ɗaya yake ba 'yan kamasho a shekara ya isa a tallafa wa malami. Iyaye ma su bar yaransu su ɗauki darasin Faransanci a makaranta da muhimmanci, domin su ne za su gaji shagon gobe.