Na'urar awon tafiyar yara: lissafin da ba a rubuta a kwali

Na'urar ba ta fi kwalin ashana girma ba. Ana ɗaura ta a idon sawun yaro ko a ƙugunsa, tana ɗaukar tsawon taku, da saurinsa, da daɗewar ƙafa a ƙasa kafin a ɗaga ta. A cikinta akwai irin ma'aunin da ke juya hoton waya idan an karkata ta. Kuma tana aiki. A 2019 Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da awon da na'urar kamfanin Sysnav na Faransa ke yi wa yara masu cutar Duchenne, wadda ke cinye tsoka sannu a hankali, a 2023 kuma ta yarda ya zama babban ma'auni wajen gwajin magani. A can akwai hukuncin da ke jiran lambar: a ci gaba da magani ko a bar shi.

To, mu kawo ta Tambuwal da Kebbe mu buga lissafi.

Da dala ko yuro ake saye, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 a 2024. Bayan saye akwai manhaja, da kwamfuta, da data, da caji a inda wuta ke zuwa in ta ga dama. Maɗaurin robar ma zufa da ƙurar hunturu za su cinye shi. Ranar da ta lalace kuwa, mai gyaran waya na bakin tasha ba shi da abin yi mata.

Wannan duk mai sauƙi ne. Lambar da ta fito, da ta wa za a gwada? Yawancin awon da ake ɗauka a matsayin tafiyar lafiya an yi shi ne da yaran Turai da Amurka, a kan daɓe shafaffe. Yaron ƙauye a Kebbe silifas ne a ƙafarsa ko ba komai, yana kutsa rairayi, wani lokaci da jarkar ruwa a ka, yayarsa kuma da goyo. Kafin lambar ta yi ma'ana sai an auna ɗimbin yara masu lafiya a nan, kuma wannan aikin shekaru ne da albashi.

Sannan me take gaya mana wanda uwa ba ta gani ba tun yaro na tatata? Ƙafar da shan inna ta shanye, sawun da ke jan ƙasa bayan allurar ɗuwawu ta taɓa jijiya, gwame, sanƙarewar jiki bayan shawara ko doguwar naƙuda, duk ido na kama su. Mai gashin ƙashi da alli da agogo zai shata mita 10 a tsakar asibiti, ya ɗauki bidiyo da waya, ya san inda aka dosa. Matsalar ita ce samun shi kansa mai gashin ƙashin a kusa.

Ɗauki jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, abin da ke samun kusan 1 cikin haihuwa 1,000. Hanyar Ponseti tana gyara mafi yawansu: a naɗa filasta, a sauya duk mako har sau 5 zuwa 8, sannan takalmi mai sanda da zai riƙa kwana da shi har wajen shekara 4. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Mutumin ƙauyen Kebbe sai ya hau kabu-kabu kafin ya kai titi, ga fargabar hanya ta wajen iyakar Zamfara, ga kuɗin mota da ya ninka bayan cire tallafin mai. Uban da ya lissafa tafiya 8 a tsakiyar damina yakan zaɓi maɗori. Ba rashin lamba ne ya mayar da shi can ba.

Akwai kuma farashin amana. Mutanen da suka san labarin gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 za su tambayi abin da aka ɗaura wa ɗansu, da inda bayanin zai tafi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba su wannan haƙƙi, kuma yi musu bayani gida-gida ta hannun mai unguwa aiki ne mai cin lokaci.

Inda nake ganin za ta biya kuɗinta shi ne bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, idan ana son sanin wanne cikin takalman gyara biyu ya fi. Ko a nan, kafin in sa hannu zan duba ko kasafin ya ƙunshi kuɗin motar iyayen da za a ce su dawo da yaro bayan wata uku.