Kwafe Foldar Prometheus Ba Shi Ne Ajiyar Ko-ta-kwana Ba

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa ya san darajar ajiye hirarrakin WhatsApp a Google Drive. Amma masu kula da saba da dama ba sa yi wa na'urar da ke sa ido kan sauran na'urori irin wannan tanadi. Ita ke sanar da cewa wata saba ta mutu da ƙarfe ukun dare, ita kuwa ba mai waiwayarta.

A ɗauki Prometheus, manhajar sa ido da aka faro a kamfanin SoundCloud a 2012. Tana zuba alƙalumanta a faifan kwamfutar da take kai, kuma in ba a taɓa saiti ba, na kwana 15 kawai take riƙewa. Abin da aka saba shi ne a kwafe foldar data da cp ko rsync tana tsaka da aiki. Wannan ganganci ne. Sababbin bayanai suna zama ne a RAM da wani kundi mai suna WAL, sai kusan duk awa biyu ake dunƙule su su zama tubali a faifai. A bayan fage kuma manhajar tana haɗe ƙananan tubala tana goge tsofaffi. Mai kwafa na ɗiba, ita tana sauyawa, sai a tashi da kwafi mai giɓi, ba kuma za a gane ba sai ranar buƙata.

Manhajar tana da tata hanyar. A tashe ta da --web.enable-admin-api, a aika buƙatar POST zuwa /api/v1/admin/tsdb/snapshot, sai ta ɗauki hoton bayanan a tsaye ta ajiye a data/snapshots. Nan ne kuma mutane ke sakin jiki. Hoton yana kan faifai ɗaya da na asali, yawancinsa ma ba sabon kwafi ba ne, nuni ne ga fayilolin da ke nan tun farko. Faifan ya ƙone, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta buge na'urar, duka sun tafi tare. Sai an kwashe shi zuwa wata na'ura ko ma'adanar intanet sannan ya amsa sunan ajiya. A goge tsohon hoton bayan nan, don yana riƙe gurbi.

Ƙofar admin ɗin nan kuma, da ita ake goge bayanai. Wanda ya bar tashar 9090 a buɗe ga duniya ya miƙa wa kowa wuƙa da nama.

Wasu na cewa alƙaluman sa ido ba kuɗin banki ba ne, in sun ɓace a sake tarawa. Ga mai riƙe na mako biyu, da gaskiyarsu. Fayil ɗin prometheus.yml da dokokin gargaɗi, da ya kamata su kasance a Git, sun fi masa muhimmanci. Amma mai tara na shekara don sanin yaushe zai ƙara saba, ba inda zai sayo tarihin nan. Shi wannan, ko sau ɗaya a wata, ya tashi wata Prometheus a gefe, ya nuna mata kwafin da --storage.tsdb.path, ya nemi jadawalin watan jiya ya ga ko zai fito.