Kafin a yanke wa batirin kwamfuta hukunci, a fara gwada caja

Ɗalibi na da aikin kammala karatu da zai miƙa washegari. Ya danna madannin kunna kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, shiru. Ya jona caja, ko ɗan hasken nan na gefe bai kawo ba. Gari na wayewa ya garzaya shagon gyara, kafin ya gama bayani an ce masa batir ne ya mutu. Ya biya kuɗin sabo, aka saka, bayan kwana biyu matsalar ta dawo.

Duk mai mu'amala da kwamfuta ya san irin wannan labari. Kuskuren da ake yawan yi shi ne farawa da abin da ya fi tsada. Tsakanin soket da batir akwai caja, akwai wayarta, akwai ramin da ake jona ta, kuma kowanne cikinsu na iya hana kwamfuta tashi ko ɗaukar caji. Gwada su ba ya cin ko kwabo, don haka batir ya kamata ya zama na ƙarshe da za a zarga.

Gwajin da ba ya buƙatar kuɗi

Mataki na farko shi ne a sauya soket, a kuma duba wayar caja tun daga kai har wutsiya, musamman inda take lanƙwasawa. Sannan a ari cajar da ta dace a gwada. A jikin kowace caja an rubuta ƙarfinta, yawanci 45W ko 65W ko 90W, da kuma bolt ɗinta, wanda a akasarin kwamfutoci yake tsakanin 19 da 20. Idan kwamfuta na buƙatar 90W aka ba ta 45W, tana iya kunnuwa amma batir ya ƙi cika.

Cajojin Dell da HP masu zagayen baki suna da wani siririn tsinke a tsakiya. Ta nan kwamfuta ke gane cajar. Idan tsinken ya karye ko ya lanƙwashe, sai allo ya nuna an jona wuta amma caji ba ya shiga, alhali batir lafiyarsa ƙalau.

Mataki na biyu, a cire caja, a cire batir idan irin wanda ake zarewa ta baya ne, a danne madannin kunnawa na kamar daƙiƙa 30. Wannan yana sauke ragowar wutar da ta maƙale a ciki, kuma sau da dama shi kaɗai yake tayar da kwamfutar da aka fitar da rai da ita.

Daga nan a jona caja ba tare da batir ba. Idan kwamfuta ta tashi, zargi ya koma kan batir. Idan ba ta tashi ba, a nemi matsalar a caja, ko ramin caji, ko babban allon ciki da masu gyara ke kira bod.

Kwamfuta na iya faɗin lafiyar batirinta

Mai amfani da Windows ba ya buƙatar dogaro da bakin kowa. Ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport, kwamfuta za ta fitar masa da rahoto. A ciki akwai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyu ya faɗi zuwa rabin na farko, batir ya tsufa da gaske. Wannan gwajin ya fi zama dole ga mai sayen kwamfutar hannu, domin ya san abin da yake biya wa kuɗi kafin ya bar shago.

Akwai kuma masu ganin caji ya tsaya a kashi 60 ko 80 cikin 100 su ɗauka batir ya lalace. Kamfanoni irin su Lenovo da ASUS suna da tsarin da ke tsayar da caji a nan da gangan domin batir ya daɗe, kuma ana iya kashe shi a cikin manhajarsu.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramin batir na biyu da ke kan bod, mai kama da sulalla, wanda ke riƙe agogo. Idan kullum kwanan wata da lokaci suna komawa baya, shi ne ya gaji, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Lokacin da laifin na batir ne

Duk wannan ba ya nufin batir ba ya mutuwa. Batirin litiyam yana raguwa da kowane zagayen caji, kuma zafi na gaggauta tsufansa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ajiye kwamfuta a kan katifa tana aiki, ko barinta a mota da rana, zalunci ne ga batir. Ita ma caja tana shan wahala idan an kawo wutar NEPA da ƙarfi ko janareta na hawa da sauka. Ya fi kyau a zare ta idan an ɗauke wuta, a jira wutar ta daidaita kafin a mayar.

Alamar da ba a wasa da ita ita ce kumburi. Idan wurin da ake jan yatsa ya fara tasowa, ko ƙasan kwamfuta ya buɗe, a daina caji nan take. Kada a danna batirin, kada a huda shi, kada a jefa shi a shara inda za a cinna wuta. A shekarar 2006 kamfanin Dell ya janye batura sama da miliyan huɗu daga hannun jama'a saboda haɗarin kamawa da wuta. Idan hakan na iya faruwa da na asali, ina ga jabu da ba a san inda aka haɗa shi ba? Araha ba ta ado.

Haƙƙin da ke kan kowa

Akwai ƙwararrun masu gyara da dama masu tsoron Allah, kuma ana gane su da abu ɗaya: suna ɗauko mita su gwada caja a gaban mai kaya kafin su faɗi cuta. Gwajin bai wuce minti biyu ba. Ya kamata ƙungiyoyin masu gyara a kasuwanni su mayar da shi ƙa'ida, su kuma tanadi wurin tara matattun batura.

Shi kuma mai kwamfuta, ya je shago da cajarsa da rahoton batirinsa, ya nemi a mayar masa da tsohon batirin idan an canza, ya karɓi rasit mai ɗauke da garanti. Kafin duk wannan, ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a filashi ko a imel. Ana iya samun sabon batir a kasuwa gobe da safe, amma babu shagon da ke sayar da aikin da ɗalibi ya shafe wata shida yana rubutawa.